Tattaki daga Katsina zuwa Kano: amsa ga mai niyyar takawa a ƙasa

Wani matashi daga wajen Ƙofar Ƙaura ya aiko mini da tambaya. Shekararsa 24, lafiyarsa ƙalau, kullum yamma yana filin ƙwallo, kuma tun yana yaro yake jin labarin mutumin nan da ya taka daga Legas zuwa Abuja. Shi ma yana so ya taka daga Katsina zuwa Kano, in ta yi daɗi ya zarce Abuja. Ya ce: "Malam, kwana nawa zan yi, me zan riƙa, kuma anya zan iya?"

Ɗana, iyawa kam za ka iya. Na haura shekara 30 ina koyar da wasanni da motsa jiki a makarantun sakandare, na taka hanyar Daura sau uku, ta Kano sau biyu, kuma na ga waɗanda ba su kai ka ƙarfi ba sun isa. Sai dai ƙwallon da kake taƙama da ita ba ita za ta kai ka ba. Ƙwallo minti 90 ce, ka koma gida ka ci tuwo ka hau katifarka. Tattaki kuwa, da ƙafar jiya za ka tashi yau, da ta yau za ka tashi gobe.

Bari mu fara da lissafi. Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne, wato taku sama da dubu 200. Mai lafiya da jaka a bayansa yana cin kilomita 4 zuwa 5 a awa ɗaya, amma kai ka yi lissafi da 4, don rana ta uku za ta gaya maka gaskiya. Ka tashi bayan sallar asuba, da gari ya fara wayewa, ka taka har wajen ƙarfe 11. Daga nan ka nemi inuwa ka zauna, ka yi azahar, ka yi la'asar, sannan ka ƙara awa ɗaya da rabi ko biyu. Wannan zai ba ka kilomita 25 zuwa 28 a wuni. Ke nan kwana shida zuwa bakwai, ka kuma ware kwana guda na ko-ta-kwana. Mutumin da kake jin labarinsa, Sulaiman Hashimu, ɗan jiharmu ne. A watan Afrilun 2015 ya yi tafiyar, don murnar nasarar Buhari, kimanin kilomita 750 cikin kwana 18. In ka raba za ka ga kullum yana haura kilomita 40. Kada ka ɗauki awonsa ka ɗinka rigarka.

Amma duk wannan lissafin kilomita na 'yan boko ne. Mutanen da suka san tafiyar ƙasa da zango suke ƙirga hanya. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja ɗauko goro suna da madugu, suna da jagaba mai wucewa gaba, kuma ayari bai tashi da safe sai an san inda za a sauka. Kalmar ta bi su har inda suka je: ga garin Zango nan bayan Daura, ga unguwannin zango a Kumasi da Ankara can ƙasar Gana. Alhazan ƙafa da suka bi ta Barno da Chadi da Sudan, wasu shekaru suka yi a hanya, wasu ma can suka yada zango har jikoki. Ba wanda ya fi su juriya, amma ba juriyar kaɗai ta kai su ba. Sun san inda ruwa yake, sun san gidan wa za su yi sallama. Abin da nake so ka riƙe ke nan fiye da komai: kafin ka ɗaga ƙafa daga gida, ka san garin da za ka kwana kowane dare, da lokacin da za ka shige shi.

Yadda za ka yi shi ne, ka shiga mota ka bi hanyar sau ɗaya da littafi a hannu. Ka rubuta garuruwan a jere: Lambar Rimi, Charanchi, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, Dawanau, da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Ka duba ina masallaci, ina famfon burtsatse, ina kemis, ina dajin ya yi tsawo ba gida ba rumfa. Charanchi ta yi nisa a ce ita ce zangon farko ga sabon shiga, ka tsaya kafin nan. Ka tambayi ranakun kasuwa, don ranar da kasuwar gari ke ci abinci ya wadata amma titi ya rikice. Sannan ka bi dangi da abokan karatu: wa ke da ɗan'uwa a Kankiya, wa ke da aboki a Bichi? Gida ɗaya da ya san da zuwanka ya fi kuɗin da ke aljihunka amfani.

Na koyi wannan da wuya. A tafiyata ta farko zuwa Kano, rana ta uku, na raina wani ƙauye da na isa da la'asar, na ce da sauran rana, bari in ƙara gaba. Magariba ta rufa ina tsakiyar gonaki. Ban shiga gari na gaba ba sai bayan isha'i, ƙura ta yi mini butu-butu, ga jaka a baya, ga ɗingishi. Ban kai masallaci ba samari suka kewaye ni, wannan da gora, wancan da tocila a fuskata. "Daga ina? Wurin wa ka zo? Me ke cikin jakar?" Na ce daga Katsina nake, Kano za ni, a ƙasa. Ɗaya ya sheƙe da dariya ya ce, "Baba, kuɗin motar ne babu?" Sauran ba su yi dariya ba. Suka tasa ni gaba har zauren mai unguwa. Allah ya sa ina ɗauke da takarda daga mai unguwarmu, da hatiminsa a jiki. Aka kira wani yaro ɗan makaranta ya karanta ta da hasken tocila, yana yi yana tuntuɓe a kan sunana. Mai unguwa ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce a shimfiɗa mini tabarma. Can sai ga tuwon dawa da miyar kuka, wanda ya fi kowa zare ido shi ya kawo mini ruwan wanke hannu. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Wannan fa tun kafin lamarin tsaro ya kai inda ya kai yau, da ake zargin kowace baƙuwar fuska da zama infoma.

Don haka ka shiga garin kwananka rana na sama. Ka nufi masallaci, ka yi salla da jama'a, ka gaisa da liman, ka faɗi ko kai waye, ka roƙa a kai ka wurin mai unguwa ko magaji. Ka riƙe katinka na ɗan ƙasa da takardar mai unguwarku, in da hali a sa hannun hakimi, ka kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankinku kafin ka tashi. A shingen jami'an tsaro ka tsaya ka gaisa, ka buɗe jaka tun ba a ce ba, kada ka ɗaga waya da sunan hoto. Ban da tufafi mai kama da kaki, ban da wuƙa ko da ta yankan lemo ce. Na san matasan yanzu, rabin daɗin tafiyar a Facebook yake. Ka sa hoton jiya, kada ka sa na inda kake yanzu, balle inda za ka kwana. Kuma kada ka tafi kai kaɗai. Ku biyu ko uku ya isa, fiye da haka kun zama nauyi ga mai masauki. Izinin iyaye kuwa ba sai na faɗa ba.

Sai titi kansa, wanda shi ya fi ba ni tsoro. Tun 1972 motoci a Najeriya hannun dama suke bi, don haka mai tafiyar ƙasa hagu zai riƙe, yana fuskantar motar da ke tahowa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ka waiwaya ta iso. Amma bin hagu bai raba ka da haɗari ba, kuma nan ne da yawa ba su sani ba: a titin da ba tagwaye ba, direban da ya fito wuce wata mota daga bayanka, ta gefenka zai biyo, ba ka ganinsa. Ga 'yan acaba da masu amalanken shanu da ke bin gefen titi ta kowace fuska. Ga wuraren da ake aiki aka karkatar da motoci duka hannu ɗaya. Saboda haka kunnenka ya zama a buɗe, ka bar abin jin waƙa a jaka. In ka ga tirela ko tanka, ka sauka daga kwalta gaba ɗaya ka dafe hularka. Iskarta tana ture mutum, sannan ta janyo shi. Wata ta taɓa fizge mini malafa, ina kallo ta yi birgima ta faɗa ƙarƙashin ta bayanta, na tsaya ina tunanin da na bi ta fa. Gada da kwalbati su ne mafi muni don ba wurin kaucewa: ka tsaya ka duba gaba da baya, in hanya ta yi sarari ka ƙetare da sauri. Riga mai haske, ko irin ta ma'aikatan hanya mai ƙyalli, musamman ranar da hazo ya sauko. Tafiyar dare kuwa babu ita, komai daɗin sanyinta.

Wani abu da ba a lura da shi: titi a karkace ake yin sa don ruwa ya gangara, ƙafarka ɗaya kullum tana ƙasa da ɗaya. Kwana biyu a haka gwiwa da ƙugu za su fara magana. Duk inda ka ga turbar ƙafa ko ta shanu a gefe, bi ta. Ƙasa ta fi kwalta taushi, ta fi ta sanyi nesa ba kusa ba, sai dai ka yi haƙuri da ƙarangiya da ƙaya.

Yanzu ƙafa. Cikin waɗanda na ga sun fasa tafiya, da wuya ka sami wanda numfashi ya gaza masa. Bororo ne, ɗan ƙurjin ruwa da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Sabon takalmi maƙiyinka ne. Ka sayi kambas mai taushin ƙasa, lamba ɗaya sama da taka don ƙafa tana kumbura, ka gwada shi da yamma da safar da za ka sa, sannan ka taka shi mako uku ko huɗu kafin tafiya. Takalmin ƙwallo ka bar shi gida. Silifas na hutawa ne a zango. Safa ƙafa uku: ɗaya a ƙafa, ɗaya a wanke an maƙale ta bayan jaka tana bushewa, ɗaya a ajiye. Ka yanke farce kwana biyu kafin tashi. Ka shafa basilin ko man kaɗanya a tsakanin yatsu da dunduniya da matsematsin cinya kowace safiya, wanda kuma zai tsare ka daga faso in lokacin hunturu ne.

Ga abin da babu wanda ya gaya mini: alwala. Sau biyar kana jiƙa ƙafa, in ka zura safa ƙafar da danshi, fatar ta yi laushi, awa ɗaya ta isa ta tashi. Ka riƙe ɗan ƙyalle, ka tsane tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, ka bar ƙafar ta sha iska tukuna. Kuma da zarar ka ji wani wuri ya fara ɗumi kamar ana goga masa barkono, tsaya nan take, ko da minti goma da tashinku, ko da abokan tafiya za su yi tsaki. Cire takalmi, karkaɗe yashi, manna filasta. In bororon ya riga ya fito, ƙarami ka rufe shi ka ƙyale shi. Babba mai hana taku, ka wanke wurin, ka sa sabuwar allura daga kemis ka huda ta gefe, ka matse ruwan, ka bar fatar a kai don ita ce murfinsa, ka sa aidin ka rufe. Kada ka yarda da ƙayar aduwa ko reza, duk wanda ya ba ka shawarar. In wurin ya yi ja yana yaɗuwa, ko ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya biyo, tafiya ta ƙare, sai asibiti. Mai ciwon sukari wannan harka ba tasa ba ce sai da yardar likita, haka mai sikila da mai hawan jini ko ciwon zuciya.

Lokacin tafiya: daga Nuwamba zuwa Janairu, an gama girbi, safiya da sanyi, hanya a buɗe. Ka tanadi rawani ko takunkumi saboda ƙura, da bargo mara nauyi don sanyin asuba a zauren ƙauye ba wasa ba ne. Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40 a nan, ban yarda ba ko ga ɗan da na haifa. Damina ga tsawa, ga macizai, ga dawa ta rufe gefen hanya. Azumi ma kada ka haɗa su.

Ko a hunturu rana tana shan ruwan jikin mutum ba ya sani, don iskar bushewa take yi da gumin tun bai gan shi ba. Mai tafiya a rana yana iya zubar da rabin lita zuwa lita ɗaya ta gumi a awa guda. Kada lita biyu ta rabu da jakarka, wato ledar fiyawata huɗu, ka cika a duk garin da ka ratsa ko ba ka ji ƙishi ba. Ka riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Gumi da gishiri yake fita, ruwa zalla ba ya mayar da shi, shi ya sa za ka ji jijiyar ƙafa tana ɗaurewa. Ka sayi ƙullin gishiri da sukari na kemis, irin wanda ake ba yara masu gudawa. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ma'auninka fitsarinka ne: in ya koma kalar shayi, ko ka wuni ba ka yi ba, zauna ka sha. Wanda ya fara tangaɗi, ko magana ba kai, ko ya daina gane mutane, zafi ya buge shi. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi masa fifita, a tare mota zuwa asibiti, ba a jira ya huta. Sannan ka ji wannan da kyau: za a ce ka sha maganin ciwon jiki ka ci gaba. Irin su ibufurofen da dikilofenak a jikin da ruwa ya ƙare suna taɓa ƙoda. Taramol kuwa, wanda ya kawo maka shi ba masoyinka ba ne.

Inuwar hutun rana ma a san ta. Bedi ya fi yawa a bakin garuruwa. Tsamiya ta fi kowa sanyi, in ba ka cikin masu tsoron mutanen ɓoye. Gawo da rani yake da ganye, da damina ya zubar, kamar don matafiyi aka yi shi. Kuka kuwa da rani girman banza ce, ba ganye ba inuwa. Ka duba ƙasa kafin ka shimfiɗa, saboda kunama da cinnaka, ka ɗora ƙafafu kan jaka su huce.

Abinci ba matsala ba ne a wannan hanya. Koko da ƙosai ko mai shayi da safe, fura da nono da rana, abin da gari ya ci da dare. Guzuri dabino, ƙuliƙuli, gyaɗa, garin kwaki. Jaka kada ta wuce kilo shida ko bakwai har da ruwa, tunda kowace lita kilo guda ce: kaya kala biyu, buta ƙarama, tocila, abin cajin waya, gidan sauro mara nauyi. Kuɗi a raba su wuri biyu. Batun salla, a mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar mil 48 ake yi wa ƙasaru, Kano ta haura haka sosai, amma ka zauna da malaminku ya warware maka yadda za ka yi in ka bi liman mazaunin gari.

Kafin Kano, ka ba kanka mako shida zuwa takwas. Ka fara da kilomita 8 ko 10 da jakar da takalmin, kana ƙarawa, har ka yi 20 yau ka sake 20 gobe. Goben ita ce jarrabawar. In ka ci, ka gwada hanyar Daura, kimanin kilomita 80 ta Mashi da Shargalle, kwana uku. Ka ƙare a rijiyar Kusugu, ka wanke fuska, ka hau mota ka dawo. Duk abin da zai ba ka matsala a hanyar Kano, a nan zai nuna kansa, kuma kana kusa da gida.

Abuja kuwa, a'a. Ba nisan ba ne, ko da yake ya haura kilomita 500. Hanyoyin da suka bi ta kudanci da yammacin jiharmu, wajen Ƙanƙara, Faskari, Ɗanmusa, Safana, Batsari, kowa ya san halin da suka shiga a shekarun nan, haka dajin da ke tsakanin Kaduna da Abuja. Mai mota yana ratsa wuri cikin minti goma yana addu'a, kai awa uku za ka yi a cikinsa kowa na kallonka. Ita kanta hanyar Kano, ka tambayi direbobin tasha halin da take ciki a makon da za ka tashi, su suka fi kowa sani, in sun ce dakata ka dakata. Kuma ka tambayi zuciyarka don me za ka yi. Bayan 2015 tattaki ya zama yayi, wannan ya taka don gwamna, wancan don sanata, da yawa da tsammanin za a tarbe su da ambulan. Na ga wanda ya isa ƙofar gidan da ya nufa, maigadi ya ce oga ya yi tafiya, sai da aka yi masa karo-karon kuɗin mota. In don ka gwada kanka ne ka ga ƙasarka da idonka, madalla.

Yini na ƙarshe shi ne wanda ake rainawa. Daga Dawanau, inda babbar kasuwar hatsi take, har cikin gari ba sauran gefen titi na kirki: tireloli a jere, 'yan adaidaita sahu na kutsawa ta ko'ina, ga hayaƙi, ga gajiyar kwana shida, ga zumuɗin an iso. Ka kwana kafin nan, ka ratsa shi da sanyin safiya. In ka isa, ka kwana biyu kafin ka juyo, ƙafa a sama, ruwa a kusa. Motar dawowa awa uku ba ta cika yi ba, za ka zauna jikin taga kana gane kowace bishiyar da ka huta a ƙarƙashinta. Bayan mako biyu ko uku wataƙila farcen babban yatsa ya yi baƙi ya cire. Kada ka tsorata kuma kada ka ɓamɓare shi, wani na fitowa a ƙasa, sai dai zai ɗauki watanni kafin ya cika.